Tako ko Burito: Wanne Ya Kamata Ka Saya a Takeriyar Unguwa?

Duk wanda karatu ko aiki ko ziyarar 'yan'uwa ta kai shi Kalifoniya, Teksas ko Chicago, da wuya ya yi mako guda wani bai ja shi takeriya ba. Takeriya ƙaramin gidan abinci ne na 'yan Meksiko a cikin unguwa, wurin da ba a keɓe wa kowa kujera tun kafin ya zo, babu kuma ma'aikacin da zai zo ya tsaya a kanka da takarda. Layi za ka bi, ka ɗaga kai ka karanta allon da ke bango, ka faɗi abin da kake so, ka biya, a miƙo maka lamba. A layin nan za ka ga magina da ƙura a takalmansu, da ɗalibai, da ma'aikatan jinya da suka taso daga aikin dare, da uwa da yaranta. Komai tsawon allon, ginshiƙansa biyu ne: tako, ɗan nama a kan ƙaramin burodi siriri, da burito, babban naɗi mai kama da shawarma. Nama ɗaya ne, mai gashi ɗaya, miyar barkono ɗaya, amma cin ba ɗaya ba ne. Wanda ya zaɓa da ka yana iya fita yana cewa abincin Meksiko bai karɓe shi ba, alhali zaɓin ne bai dace da buƙatarsa ba.

Ni dai matsayina a fili yake: zuwan farko, a ci tako. Burito na wanda ya riga ya san gidan ne ya yarda da hannun masu girkin, ko wanda yunwa da doguwar rana suka sa a gaba. Amma akwai fagen da tako ba ya kama ƙafar burito, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Bambancin ya faro ne daga abin naɗin, wato tortiya, burodi siriri zagayayye da ba a sa masa yis. Ta tako galibi ta masara ce, ta burito ta fulawar alkama. Wannan kaɗai shi ya yanke wa kowannensu girmansa. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, shekaru kusan 9,000 da suka wuce, kuma mutanen yankin sun daɗe da gano wata dabara: a dafa busasshiyar masara a ruwan da aka zuba wa farar ƙasa ko toka, a bar ta ta kwana a ciki, a wanke, sannan a markaɗa. Ɓawon ƙwayar sai ya saki, ƙullin ya haɗe ya yi laushi, ya samu wani ƙamshi da garin masara zalla ba shi da shi. Dabarar tana kuma kwance sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin da ke ɗaure a cikin masara, har jiki ya iya amfana da shi. Turawan da suka kwashi masara zuwa ƙasashensu ba su kwashi wannan dabara ba, shi ya sa cutar pellagra mai lalata fata, wadda rashin niyasin ke jawowa, ta addabi talakawan Sifaniya da arewacin Italiya a ƙarni na 18, ta kuma addabi jihohin kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20.

Sai dai ƙullin masara ba shi da danƙo. In aka faɗaɗa shi da yawa tsagewa yake yi. Saboda haka tortiyar tako ba ta fi tafin hannu da wani abin kirki ba, kuma abin da za ta ɗauka kaɗan ne: nama, albasa, ɗanyen silantaro (wani ganye mai ƙamshi), shi ke nan. Ita kuwa alkama tana da danƙo, tana miƙewa, tana naɗuwa ba ta fashe ba. Sifaniyawa ne suka kawo ta bayan sun ci babban birnin daular Aztek da yaƙi a 1521, ta kuma samu karɓuwa a arewacin Meksiko, jihohin Sonora da Chihuahua. Can ne gidan burito na asali, kuma na can siriri ne, abu ɗaya ko biyu ake sa masa, wake ko busasshen naman da aka daka ko naman da aka dafa cikin jan barkono. A birnin Meksiko ma har yau tako ne sarki, burito baƙo ne.

Ƙaton buriton da duniya ta sani a yau, mai shinkafa da wake da nama a cikin takardar alminiyam, haihuwar unguwar Mission ce a San Fransisko. Shaguna biyu ke jayayya a kan wanda ya fara: El Faro ya ce shi ne a 1961, La Cumbre ya ce shi ne a 1969. Ko wane ne ya fara, dalilin ɗaya ne, a ƙosar da ma'aikaci da abu guda da zai riƙe a hannu. Daga takeriyoyin wannan unguwa Steve Ells ya ɗauko samfurin da ya buɗe gidan abincin Chipotle da shi a Denver a 1993. Wannan tarihi yana da amfani ga mai zaɓi, domin ya nuna manufar kowanne. An yi tako don a ci nan take, a tsaye, kusa da wuta. An yi burito don a cika ciki a kama hanya.

Ka tsaya ka kalli mai gashin yana haɗa tako. Zai jefa tortiya biyu a kan faffaɗan ƙarfen suya, ya juya su da yatsa, ya ɗebo nama daga gefen da ya fi zafi, ya ɗora a kan gungumen katako, ya sassara shi da babbar wuƙa cikin sauri, ya kwashe da tortiyar kanta. Zai ɗago kai ya ce maka "¿Con todo?", wato a sa albasa da ganye duka? Daga wuta zuwa hannunka bai fi minti ɗaya ba. Gefen naman da ya ƙone kaɗan yana nan da ƙarfinsa, man bai daskare ba, tortiyar tana tururi. Biyu ake jerawa saboda in romo ya huda ta ciki, ta waje ta tare. Ka matsa lemun tsami, ka zuba miyar barkono, ka riƙe da yatsa uku, ka karkata kai. Loma uku ya ƙare.

A nan ƙarfin tako yake. Babu inda nama zai ɓuya. In an gasa shi da kyau za ka sani a lomar farko, in na jiya ne aka ɗumama za ka sani. A watan Mayun 2024 littafin Michelin, mai tantance gidajen abinci a duniya, ya ba wata 'yar takeriya a unguwar San Rafael ta birnin Meksiko lambar yabonsa ta tauraro, sunanta El Califa de León, wadda aka buɗe tun 1968. Tako iri huɗu kacal take sayarwa, kuma wanda ya fi suna a cikinsu yankan naman sa ne da gishiri da lemun tsami a kan tortiyar da aka yi nan take. Wurin ma tsayuwa ake yi. Abin da ya burge ni a labarin shi ne an yaba wa abincin da ba shi da komai sai ingancin nama da sanin wuta.

Haɗa burito aiki ne na daban. Za a ɗauko tortiya mai faɗin kusan santimita 30, a sa ta cikin injin tururi na 'yan daƙiƙu har ta yi laushi tana miƙewa, a shimfiɗa. Sai a bi ta kan jerin tasoshi: cokalin shinkafa, cokalin wake, nama, yankakken tumatir da albasa. In ka ce "super", a ƙara cuku da kirim mai tsami da markaɗaɗɗiyar fiya. A lanƙwasa gefe biyu, a naɗe da ƙarfi, a ƙulle cikin alminiyam. Wanda ya san naɗin shawarma ya san siffarsa, sai dai wannan ya ninka ta kauri, nauyinsa yakan kai rabin kilo ko ya wuce. Ba a cire takardar gaba ɗaya. Tsayar da shi za ka yi, ka yage ta daga sama kaɗan-kaɗan kana ci, in ba haka ba ya warware maka a hannu.

Idan mai naɗin gwani ne, kowace loma tana ɗauke da komai, wake ya jiƙa shinkafa, romon nama ya ratsa, cuku ya haɗa kan su. Abinci ne mai kwantar da rai, musamman a ranar sanyi. Amma akwai farashin da ake biya. Tururin da ke cikin takardar yana kashe ƙarfin gasasshen nama, bayan minti goma gashi ya koma kamar dafuwa. Shinkafa tana rage kaifin ɗanɗano. In kuma mai naɗin yana sauri, sai kirim ya taru a ƙarshe ɗaya, nama a ɗaya ƙarshen, ka ci rabi kana neman abin da ka biya. Masu La Taqueria, shagon da Miguel Jara ya buɗe a titin Mission a 1973, sun ƙi sa shinkafa a buritonsu sam, kuma nasu ne shafin intanet na FiveThirtyEight ya zaɓa a matsayin mafi daɗi a Amurka a 2014, gidauniyar James Beard mai ba da lambobin yabo a harkar girki kuma ta karrama su a 2017. Darasin da na ɗauka daga nan mai sauƙi ne: in kana son burito mai ɗanɗanon nama, ka ce a rage shinkafa ko a cire ta, kuma ka ce a yi maka shi "dorado", a ɗora naɗaɗɗen a kan ƙarfe har bayansa ya yi ja. Naman da aka dafa cikin miya ma ya fi zama lafiya a burito fiye da gasasshe, tunda shi ba ya tsoron tururi.

Ta fuskar kuɗi, burito ne ya yi nasara, kuma ba da ƙaramar tazara ba. A manyan biranen Kalifoniya a 'yan shekarun nan, tako ɗaya a takeriyar unguwa yakan kama daga dala 3 zuwa 5, burito daga dala 10 zuwa 16. Tako yana yi wa ido araha a kan allo, amma babban mutum mai jin yunwa sai ya ci uku ko huɗu, kuɗin ya kamo na burito ko ya wuce, kuma da yamma yunwa ta dawo. Burito ɗaya kuwa ɗalibi zai iya cewa a raba masa biyu, ya ci rabi da rana, rabi da dare. Gaskiya ne shinkafa da wake ne suka cika shi, kuma su ne mafi araha a cikin kayan. Amma wanda ke lissafin kuɗin wata ba ya raina shinkafa da wake. Da yawan shagunan suna yin rangwamen tako ranar Talata, ranar nan lissafin yakan juya. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don wasu ƙananan shaguna da motocin sayar da abinci ba sa karɓar kati.

Ɗaukar abinci zuwa wani wuri ma na burito ne. Yana riƙe zafinsa, ba ya zuba a jaka, ana cin sa a wurin aiki ko a tashar mota. Tako in ya yi rabin awa a rufe cikin roba, tortiyar ta jiƙe ta ruguje, man ya daskare, albasa ta yi laushi. Duk wanda ya fara sanin tako ta hanyar mai kawo abinci gida bai san tako ba tukuna.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kuma ta sa na ce baƙo ya fara da tako. Girkin Meksiko yana amfani da alade sosai, nama da kitse, kuma mai gudun alade dole ya buɗe ido. Sunayen da ke kan allo ba sa faɗa maka kai tsaye. Carnitas naman alade ne da aka dafa cikin kitsensa, girkin jihar Michoacán. Chorizo da longaniza tsiran alade ne. Chicharrón fatarsa ce, buche cikinsa. Chile verde a yawancin shaguna alade ne cikin koriyar miya, duk da sunan bai ambaci nama ba. Wanda ya fi yaudarar idonmu shi ne al pastor: jan nama a jere a kan ƙarfe a tsaye, yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa. Bahaushe na ganinsa zai ce ga shawarma, kuma bai yi kuskure a kan asali ba. Baƙi daga Gabas ta Tsakiya, musamman Labanan, su suka kawo wannan salon gashi birnin Puebla a shekarun 1930. Daga baya aka maye gurbin naman rago da na alade, aka shafa masa jan barkono da achiote, wani kayan girki mai rina nama ja. A yau al pastor alade ne, sai fa in shagon ya rubuta ƙarara cewa na kaza ne ko na sa. Mai karatun da addininsa bai hana shi ba, al pastor da carnitas su ne abin alfaharin yawancin takeriyoyi, kuma a tako suka fi fitowa. Wanda ya hana, ya wuce su.

Abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne. Carne asada gasasshen naman sa ne, pollo kaza. Lengua harshen sa ne da aka dafa har ya yi laushi, cabeza naman kai, tripa hanji da aka soya har ya yi ƙaras-ƙaras. Wanda ya tashi da farfesun kai da kayan ciki zai ji daɗin waɗannan fiye da yadda Ba'amurke ke ji, kuma ina ba da shawarar lengua ga duk mai zuwan farko. Birria a jiharta ta Jalisco akuya ce, a salon Tijuana da ya cika Amurka kuwa naman sa ne, ana haɗa ta da kofin romo. Barbacoa a jihar Hidalgo rago ne da aka turara a rami, a Teksas kumatun sa.

To, a nan ne tako da burito suka rabu sosai. Tortiyar masara ƙulli ne da ruwa, wani lokaci da ɗan gishiri, ba kitse a cikinta. Abin da ke kanta kuma kana ganinsa da idonka. Tambayarka ɗaya ce ko biyu: wane nama ne, kuma a ina aka gasa shi? Burito kuwa kusan kowane sashe nasa yana da tambaya. Tortiyar fulawa ta gargajiya da kitse ake kwaɓa ta, sau da yawa na alade, ko da yake manyan masana'antu da dama sun koma man itatuwa. Soyayyen dakakken waken da ake kira refritos a al'ada da kitsen alade ake soya shi. Waken charros akwai naman alade a ciki, borrachos kuma har da giya. Shinkafar ma akan dafa ta da romon kaza. Ana iya cewa "burito na kaza" ko ma "na wake da cuku", mutum ya saki jiki, alhali kitsen yana cikin waken da abin naɗin. Duk an naɗe, an rufe, ido ba ya gani.

Wannan ba ya nufin tako ya kuɓuta gaba ɗaya. A shaguna da yawa ƙarfen suya ɗaya ne, chorizo a wannan gefe, naman sa a wancan, man yana gangarawa. Wasu masu gashin sukan tsoma gefen tortiya a cikin man don ta yi daɗi. A salon birnin Meksiko akwai wata faffaɗar tukunya mai tudu a tsakiya, inda suadero, wani yanki na naman sa, yake dahuwa tare da hanji da longaniza cikin mai ɗaya. Naman sa ne a suna, amma ya yi wanka da alade. Bambancin shi ne a mafi yawan takeriyoyi wutar tana gabanka, kana iya leƙawa. In ka ga naman sa a kan wayar gawayi tasa daban, irin gashin Sonora da Tijuana da ake rubutawa "al carbón", hankalinka zai fi kwanciya.

Matambayi ba ya ɓata, kuma masu waɗannan shaguna mutane ne masu sauƙin kai, sun saba da masu cin ganye da masu larura. Ka ce "No como puerco", ba na cin alade. Ka ce "¿Tiene manteca?", akwai kitse a ciki? In aka ce "manteca vegetal", na itatuwa ne. A burito ka nemi "frijoles enteros" ko "de la olla", waken da aka dafa ba a soya ba, ka kuma tambaya a kansa shi ma. Ka yi tambayar kafin layi ya matse, da fara'a, ba da fuskar tuhuma ba. In shagon yana da burito na masu cin ganye zalla a kan allo, alama ce mai kyau cewa wakensu da tortiyarsu ba kitse, amma tabbatarwa ba ta cin kuɗi.

Batun yanka dabam ne da batun alade. Malamai sun saɓa a kan naman shanu da kaji na kasuwannin waɗannan ƙasashe, wasu sun halatta shi a matsayin abincin Ahlul Kitabi, wasu sun ce sai an tabbatar da yankan. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda ya tsaya a kan sai yankan Musulmi, a takeriyar gama-gari yana da tako na kifi ko jatan lande, da na dankali, da na nopales, wato ganyen wani murtsunguwa da ake cire wa ƙaya a gasa, da na rajas, yankakken koren tattasai cikin kirim. A kifin ma a lura: salon Ensenada na jihar Baja California, inda ake tsoma kifi a ƙulli a soya, sau da yawa da giya ake dama ƙullin. Ka ce "a la plancha", a gasa maka a kan ƙarfe. Takeriyoyin halal kuma suna ƙaruwa a biranen da Musulmi ke da yawa. A azumin 2017, Rida Hamida da Ben Vazquez sun fara wani shiri a gundumar Orange ta Kalifoniya na kai motocin tako na halal masallatai lokacin buɗa-baki, don a haɗa Musulmi da 'yan Latin Amurka a kan abinci ɗaya. A irin waɗannan wurare duk tambayoyin nan sun faɗi, burito ya dawo da cikakken haƙƙinsa.

Mai ciwon suga ko mai lura da nauyi shi ma tako ya fi masa. Babbar tortiyar fulawa ita kaɗai, a lissafin da Chipotle ke wallafawa, kalori 320 ce, tun ba a sa komai ba, kuma cikakken burito da cuku da kirim yakan haura 1,000. Ga fulawa ga shinkafa, sitaci a kan sitaci. Da tako kana iya tsayawa a biyu. Wanda alkama ke yi wa illa ma ba shi da wata hanya sai masara.

Akwai wani daɗi kuma da burito ba ya bayarwa, shi ne teburin miyar barkono. Yawancin takeriyoyi suna da shi a gefe, kyauta: koriya ta tomatiyo, wani ɗan itace mai kama da ɗanyen tumatir, mai ɗan tsami, ja ta busasshen barkono, wata mai launin ruwan lemo ta barkonon habanero mai zafin attarugu, ga yankakken lemun tsami da karas da barkono da aka jiƙa a ruwan tsami. Da tako uku kana da dama uku, nama uku, miya uku. In ɗaya bai yi maka ba, asarar dala huɗu ce, ka gyara a na gaba. Da burito ka ɗaura aure da zaɓi ɗaya har ƙarshe. In kun je ku da yawa ma tako ya fi, kowa ya ɗanɗana na wani. Kada kuma a auna tako da ƙasƙasasshen nan mai ɓawo mai tauri da latas da cuku, wanda gidajen abincin Taco Bell na Glen Bell suka yaɗa tun 1962. Wannan wani abinci ne na Amurka, ba shi ake nufi ba in ɗan Meksiko ya ce tako.

Abin sha kam, ko wanne ka zaɓa, ka duba manyan tulunan gilashin da ke kan kanta. Jan nan da aka rubuta wa jamaica zoɓo ne, zoɓonmu, ba wani abu ba. Mai ruwan ƙasa, tamarindo, tsamiya ce. Farin, horchata, a Meksiko da shinkafa da kirfa ake yin sa, amma kakansa na birnin Valencia a Sifaniya da aya ake yi har gobe. Zoɓo ya fi tafiya da tako mai maiƙo saboda tsaminsa yana wanke baki. Horchata kuwa ita ke kashe wutar barkono, sai dai a kan ƙaton burito nauyi ne a kan nauyi.

Kafin ka yanke shawara, ka karanci shagon kansa, domin kowace takeriya tana da abin da ta fi iyawa. In ka ga mace a gefe tana matsa ƙulli tana gasa tortiya ɗaya bayan ɗaya, ko ka ji ƙamshin gawayi tun daga bakin ƙofa, gidan tako ne, sayen burito a nan ɓata dama ce. In kuwa ka ga dogon kanta da tasoshin wake da shinkafa da miya suna tururi, da tulin takardar alminiyam a yanke, kowa a layi yana fita da naɗi a hannu, to hannunsu ya faɗa a kan burito. Ka duba farantin mutanen unguwar da ke zaune, ba hoton da ke kan allo ba. A San Diego ma za ka tarar da nasu salon, burito da soyayyen dankali a ciki maimakon shinkafa, kuma in a garin kake ya cancanci gwaji.

Mai iyali da yake son tako amma dole a gida za a ci, yana da hanya ta uku. Takeriyoyi da yawa, musamman waɗanda ke haɗe da shagon nama, suna sayar da gasasshen nama a kan awo. Ka sayi awon fam ɗaya ko biyu (fam ɗaya kusan rabin kilo ne) na asada ko birria, ka ce a ba ka tortiya a naɗe daban, albasa da ganye daban, miya a 'yan robobi. In kun isa gida a ɗora kasko ba mai, a ɗumama tortiyar ɗaya-ɗaya har ta fara kumbura, a lulluɓe su da tsumma mai tsabta don kada su bushe, kowa ya haɗa nasa a kan tebur. Kuɗin yakan yi ƙasa da na sayen tako ɗai-ɗai ga mutum biyar ko shida, wake da shinkafa kuma uwargida ta dafa nata da man da ta yarda da shi.